Komin Batir

Batirin mota ya kashe mini sa. Ni na ba shi da hannuna.

Shekarun nan ne da kuɗin fetur suka shigo, aka fara buɗe hanyoyi. Na yi rani biyu ina lebura wajen masu zuba kwalta, na dawo ƙauyenmu kusa da Daudawa da abu biyu: ɗan maraƙi da wata ƙatuwar rikoda. Ƙananan batura ba su isarta, sai na samo mata tsohon batirin mota. Ranar kasuwa nakan ɗaura shi bayan keke in kai caji. Mutane na kallo, ni kuwa ina jin kaina wani abu.

Maraƙin ya girma ya zama san huɗa. Maƙwabcina, wani dattijo maharbi, shi ma sa ɗaya gare shi. Sai mu haɗa su a karkiya ɗaya, yau gonarsa, gobe tawa. Ba ni da wani abin noma bayan wannan.

Da batirin ya mutu ban yar ba. A gidanmu ba a yar da komai. Gwangwanin madara fitila ne, tsohuwar taya takalmi. Na sa gatari na fasa kansa, na tsiyaye ruwan, na zaro farantan dalmar na kai wa dattijon ya narka ya yi harsashi. Saura ƙoƙon, baƙi, mai kauri, ga ɗakuna a ciki. Na ɗauraye shi sau ɗaya na ajiye gaban turke, ya zama komin cin abincin san. Dusa a nan, kanwa a can.

Matata ta leƙo ta ce, “Malam, abin da ruwansa ya huda maka wando, shi za ka ba dabba ta ci a ciki?”

Na ce, “Sa wando yake sawa?”

Ta koma ɗaki.

San ya so abin. Dusa ta ƙare, yana nan yana lasar ƙasan. Har kiran mutane nake su zo su gani. Na ce da dattijon ya kawo nasa su ci tare.

Ya ce, “Yaro, nawa ɗan ƙauye ne, bai saba da kayan birni ba. A bar shi da kwatarniya tai.”

Ana gab da ruwan shuka san ya fara cizon haƙora. Sannan yawu. Sannan ya riƙa kewaya turke, ya je ya kafa goshi jikin katanga ya tsaya. Na kaɗa hannu gaban idonsa, ko ƙiftawa. Na ce bakin mutane ne, sun ga ina gaba. Na karɓo rubutu na ɗura masa. Na yi masa turare. Da safe kuma na zuba masa dusa a inda na saba.

Dattijon ya zo ya tsuguna, ya sa yatsa ya shafo ƙasan komin. Wata laka mai toka-toka ta biyo yatsan.

Ya ce, “Ka san mi nike yi da dalmar da ka ba ni?”

Na ce, “Harbi.”

Ya ce, “To. Ni sai na yi kwanto a daji. Kai a kwano kake ba da taka.”

Muka yanka san kafin ya faɗi. Mahauci ya buɗe cikin, ya duba, ya goge wuƙarsa ya ce shi ba zai kai wannan kasuwa ba. Rami muka haƙa. Fatar kaɗai na samu.

Komin na jefa a juji. Yara suka tsinto suka kawo mini, wai na manta abina. Na kai bayan gari, wani makiyayi ya biyo ni da shi yana tambaya ko na sayarwa ne. Ƙarshe dai na haƙa rami kusan tsayina a gindin wani suri na binne shi.

Damanar nan da hannu na yi huɗa. Dattijon ya haɗa sansa da na wani. Rabin gonata ciyawa ta cinye, rikodar ma hatsi na canza da ita. Ban sake mallakar wani sa ba.

Yanzu ina Mairuwa, a gidan babban ɗana. Bayana ya ƙi, na daina zuwa gona.