Sabulun Magen Maƙwabcina

Shekarun baya, ina sabon zama a unguwar Aƙiƙ a Madina, maƙwabcina ya ƙwanƙwasa min ƙofa rungume da kwando. Haifaffen Madina ne, kakanninsa ne suka zo Hajji suka zauna, Hausarsa rabi Larabci ce.

"Ya akhi, za mu Jidda sati biyu. Bissar ɗiyata ce, magenta, amana. Kowace Juma'a wanka, la tansa, kada ka manta."

Na leƙa kwandon, na ja da baya. Mage ce, amma ko silin gashi babu, fata duk a tattare kamar figaggiyar kaza. Nan take na ce ƙazuwa ce. Ya yi dariya, ya ce haka irinsu suke. Sai da ya tafi na lura bai bar min sabulunta ba. Na so in kira shi, girman kai ya hana. Ni da nake wuni ina aiki a saidaliyya, wato kantin magani, in tambayi sabulun mage?

Lokacin mahaifiyata ta zo Umara, tana wurina. Ko ɗaki ɗaya ta ƙi haɗawa da "wannan halitta". Ni kuwa abin ya ɗaure min kai. In na taɓa magen sai in ji ɗumi da maiƙo, duk inda ta kwanta sai ta bar tabo. A hankali na gane ashe gashi ne ke shanye maiƙon sauran maguna, ita kuwa sai wanka.

Ran Alhamis na zaɓo sabulun ruwa na masu laushin fata, mai ƙamshin lemo da na'a-na'a. Washegari na tara ruwa a roba ina jin kaina gwani. Mahaifiyata na tsaye bakin ƙofa.

"Kai, tsaya. Miƙo min kwalbar nan." Ta shinshina. "Za ka iya lasar wannan?"

"Haba Mama, wa ke lasar sabulu?"

"Kai ne ba ka lasa. Kwana huɗu ina kallonta, ba ta da aiki sai lasar jikinta."

Na ɗauki kwalbar sai wurin wani likitan dabbobi a unguwar Ƙiblatain. Ya karanta bayanta, ya ce irin waɗannan mayukan ƙamshi na iya cutar da mage in ta lashe su. Ya ba ni na maguna marar ƙamshi, ya ce ruwa mai ɗumi, a ɗauraye sosai, a goge da wuri kada sanyi ya kama ta. Da ya tambayi aikina sai na yi kamar ban ji ba.

A ƙarshe ma ba ni na yi wankan ba. Mahaifiyata ta ture ni, ta gwada ruwan da gwiwar hannu, ta bi kowace tattara da yatsa. "Haka na yi muku," in ji ta. Maƙwabcina ya dawo ya karɓi amanarsa lafiya lau.

Har yau in na tuna sai in ji kunya. Ni kwalba na tsaya karantawa, ita da ke tsoron magen ita ce ta zauna ta kalle ta. Yanzu in ta kira daga Kano, kafin ta tambayi lafiyata sai ta ce, "Ya mai tsiraicin nan? An yi mata wanka kuwa?"