Layar da Kaka bai buɗe ba

Jiya ina neman allura a tsohuwar adaka, hannuna ya taɓo layar Kaka. Har yanzu fatar tana warin zufarsa da taba.

A shekarun fari, kullum rediyo ta ce wani shugaban Larabawa ya saki Rasha ya kama Amurka, sai Kaka ya dafe layar nan a ƙirji. Wata la'asar a Garhanga, muna sussukar ɗan geron da ya tsira, na tambaye shi dalili.

Ya ce, "Jika, wagga ba laya ba ce, takarda ce. Ina samari, Larabawan arewa sunka haɗa kai da Turkawa don su kori Faransa. Ubangidanmu Buzu ya rasa wa zai bi. Sai ya sa anka rubuta takarda biyu, guda ta amana ga Larabawa, guda ta biyayya ga kumandan na Faransa, ya ce ni za ni kai su. Baduku ya ɗunke su iri ɗaya, ni ko ban da karatu. Na fara kai ma kumandan wadda ni ka zaton ita ce tashi. Kwana bakwai, sojin Faransa sunka ƙone zangonmu, har da ƙanena."

Na ce, "Kaka, kawo in karanta maka, mu san wadda ka bayar."

Ya riƙe hannuna gam. "In ta kumandan ce ta rage hwa?"

Ya rasu bai sani ba. Na iya karatu, ga reza kusa, amma na mayar da ita adaka. Allah, Kai ka san abin da ke ciki. Ka yi masa rahama ko wacce ce.