Rabo Wanzami da Hauyarsa ta Binne Gashi

Kullum da hantsi, in ka bi ta bakin kasuwar Gazawa, wajen da ake ɗaure jakuna, za ka tarar Rabo wanzami ya riga ya share rumfarsa. Ya shimfiɗa tabarma, ya jingina zabira da ginshiƙi, yana wasa aska a kan fata a tsanake, kamar wanda ba shi da wurin zuwa. A gefensa akwai ƙoƙon ruwa, da sabulun salo, da wata 'yar hauya mai gajeriyar ƙota. Baƙo yakan tambaya me wanzami zai yi da hauya. Gashi yake binnewa da ita. Duk kan da ya aske sai ya tattare gashin tsaf cikin tsumma, in la'asar ta yi ya zaga bayan rumfa ya haƙa rami ya rufe, don kada maƙiyi ya tsinci gashin mutum ya kai wa boka. Haka ya ga ubansa na yi.

A makon nan Rabo ya rataye zabira, ya bar aski. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ke nan, ko da yake, wallahi, ban san ko saura wa ke da kunnen jin irin wannan magana ba.

Ni malamin lakol ne, wato makarantar boko, kuma sanƙo gare ni tun ina saurayi. Duk ranar da na shiga rumfar sai ya dube ni, ya kira ni Mushe, yadda ake kiran malamin lakol da Faransanci, ya ce, "Mushe, kai kam mi ka kawo mani? Kan nan naka ko ƙuda ya sauka sai ya zame." A yi dariya, in nemi wuri in zauna. Hira ke kai ni, kuma ba ni kaɗai ba.

Kai, an yi hira a rumfar nan! Tun lokacin ƙuri'ar i ko a'a kan zama tare da Faransa, har ranar da aka sauke tutar Faransa aka ɗaga tamu, ba abin da ba a tauna ba a kan tabarmar Rabo. Mai i da mai a'a su yi musu har jijiyar wuya ta tashi, sannan su raba goro ɗaya. Da labari ya zo cewa Rasha ta harba mutum sama ya zaga duniya ya dawo, wani manomin gyaɗa da zan kira Chindo ya ce, "Mutum ya tahi sama ya dawo kafin azahar, ni ko in na hau kamyo, motar kaya, zuwa Maraɗi sai na kwana a hanya." Chindo ba sunansa ba ne, na ara masa ne, kuma za ku ga dalili. Da aka yi ta zancen yaƙin Kongo, Jaye, wani Bafillace da ke kawo kansa aski in ya sauko da shanu, ya tambaya ko akwai ciyawa a can. Aka ce ai ciyawa har ta fi mutum tsawo. Sai ya ce, "To faɗan mi suke?" Har yau ban ji wanda ya ba shi amsa ba.

Shi kuwa Rabo ba wanda ya san inda ya dosa. Maganarsa ba ta wuce "Sunkuya" da "Kada ka motsa." In wani ya ɓaro zance mai nauyi, ya tsorata da bakinsa, ya fara waige-waige, sai Rabo ya danna masa kai ƙasa ya ce, "Kwantar da hankalinka. Abin da aka faɗi ƙarƙashin aska, da gashi nike binne shi." Mun ɗauka barkwancin wanzamai ne.

Ba a daɗe da samun mulkin kai ba iska ta juya. Aka fara jin an tafi da wane, an tafi da wane, ba wanda ya san ina. Wata ranar kasuwa, farkon damina, Chindo ya zo ransa a ɓace, farashin gyaɗa ya faɗi, kuɗin lanho, wato haraji, bai ragu ba. Kansa na sunkuye a hannun Rabo ya ce, "An ce Bature ya tahi. To lanho bai bi shi ba. Tsugune ba ta ƙare ba, an saida kare an sayi biri." Ba a yi dariya sosai ba. Ashe akwai mai tsaye bayan zanar rumfa. Ya ji maganar, bai ga mai ita ba, ya kwashe ta ya kai gaba.

Washegari Iro ya zo, wani saurayi ɗan garin da ya zama ɗan gaban goshin manyan siyasa. Ina zaune. Ya durƙusa ya gaida Rabo da ladabi, ya ce, "Baba, ba ruwanka cikin wannan. Suna kawai ake so. Wa ya kira shugabanni birai a rumfarka?"

Rabo bai daina wasa askarsa ba. Ya ce, "Iro, ni na yi maka askin suna, ni na yi maka kaciya. Ranar nan ka yi kuka, ka kira uwarka, ka zage ni, ka yi wani abin ma da ba zan faɗi gaban Mushe ba. Ka taɓa jin shi a bakin wani?"

Iro ya sunkuyar da kai. Ya ce, "Baba, in ba ka faɗi ba kai za a ɗauka. Ba ni da ikon hanawa."

"To," in ji Rabo. "Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba."

Suka zo da mota, mutum biyu masu kaki. Matar Rabo, Salamatu, ta ce abin da ya roƙa kawai a bar shi ya binne gashin ranar, suka ƙi, ya juyo ya ce mata ita ta binne. Gero na fitowa aka tafi da shi, sai da aka ɗaure damma aka kai rumbu sannan ya dawo, a rame, hannunsa na dama na rawa. Na tambaye shi abin da suka yi masa. Ya ce, "Mushe, wannan ma na binne." Chindo kuwa yana nan cikin 'ya'yansa, ba wanda ya taɓa ƙwanƙwasa masa ƙofa.

Rabo na Salamatu, kai ne ka sa wuyanka inda bakin wani ya kamata ya yanka nasa. Kai ne ka riƙe aska bisa maƙogwaron mai i da mai a'a, ba ka tambayi ɗaya ƙuri'arsa ba. Ba ka shiga lakol ba, ba ka da kujera a buron gwamnati, ba a kira sunanka a rediyo ranar bikin tuta ba. Amma in mulkin kai na nufin talaka ya buɗe baki ya kwana a gidansa, to ni a rumfarka kaɗai na taɓa ganinsa.

Da me muka saka maka? Nan ne baƙin cikina yake. Ka dawo ka share rumfa ka shimfiɗa tabarma, mutane suka riƙa bi ta bayan kasuwa don kada a gan su suna gaishe ka. Gidajen da ubanka ya yi wa aski, kai ma ka gada, suka daina aiko maka goron suna. Wasu suka ce hannun ne, wa zai miƙa jaririnsa ga hannu mai rawa? Gaskiya ne, amma ba hannun kaɗai ba ne. Sun ga gemun ɗan'uwansu ya kama wuta, kowa ya shafa wa nasa ruwa. Yanzu duk sun koma wurin wani sabon wanzami mai rediyo a rumfa. Akwatin na magana, maza na zaune jugum kamar a gidan makoki, gashi kuma iska ke kwashe shi ta watsa cikin kasuwa. Mu da muka rage wurin Rabo ba mu cika tabarma ɗaya ba, kuma ban da ni mai sanƙo, kowannenmu na yawo da tabon aska a ka.

Ranar kasuwar da ta wuce ita ce ta ƙarshe. Chindo ya zo ya zauna, ya cire hula, ya sunkuya. Rabo ya jiƙa masa kai, ya ɗora aska, hannun na kaɗawa, jini ya ɗan tsatso bayan kunne. Chindo bai ko motsa ba. Aski ya yi nisa. Can Rabo ya ce, "Chindo, yi magana mana. Mi duniya ke ciki?"

Chindo ya buɗe baki. Na ga idonsa ya kai ga zana, ya dawo, ya sake komawa. Sai ya ce, "An ce an yi ruwa a Gangara."

"Madalla," in ji Rabo. Ya ƙarasa askin, ya tattare gashin, ya zaga baya. Da ya dawo yana karkaɗe hannu ya ce mani, "Mushe, yau gashi kaɗai na binne." Wallahi sai da na juya fuska, don hawaye ya zo mani.

Mun gode, Baba Rabo. Allah ya saka maka da abin da muka kasa, ya rufa maka asiri kamar yadda ka rufa namu, ya ba hannun nan sauƙi. Ku kuma masu karatu, ban ce ku yi jarumtar da ba ku da ita ba, na san halin da ake ciki. Abu ɗaya nake roƙo: in ɗan'uwanka ya sunkuyar da kai gabanka ya faɗi abin da ke ransa, ka binne shi nan, kada ka kai gaba.

Zabirar, da askake da ƙahonni, ya ba ɗan ƙanwarsa da ke Cadawa, ya karɓa da murna. Hauyar kuwa ɗan ƙanwar ya ce ba ya bukata. Na bi ta rumfar jiya, tana nan jingine da ginshiƙi, ba wanda ya ɗauka.