Ƙwarya ta Goma Sha Biyu: Godiyata ga Gogo Na'inna

Daga Allah muke, kuma gare Shi kowa zai koma. Ranar Talata, 9 ga Mayu, 2023, da hantsi, Bappayo ya kira ni ya ce mahaifiyarsa, Gogo Na'inna, mai zanen ƙwarya ta cikin garin Yola, ta cika. Kafin in iso daga unguwarmu ta Karewa har an yi miki sutura, Gogo. Na zauna cikin mata na yi kukana, amma da na koma gida sai na tarar godiya ta fi baƙin ciki yawa a zuciyata.

Bara war haka, ni Magdalena tsohuwar malamar firamare ce da ta yi ritaya, ba ta da aiki sai rabon faɗan jikoki. Ƙwarya ɗaya na zo saya a gidanki. Na same ki gaban garwashi kina jan layi da wuƙa mai zafi, kina bin sa da yatsa, domin ido ya fara gazawa. Kika faɗa mini damuwarki kamar mun daɗe da sanin juna: kin yi wa jikarki Zuhra alkawarin ƙore goma sha biyu na jeren aurenta, kamar yadda ake yi wa kowace 'yar gidanku. Uku kawai kika gama, kuma a zuriyarki babu wanda ya koyi sana'ar. Ni da bakina na ce zan koya. Har yau ban san abin da ya kai ni ba.

Washegari na zo da fensir da rula, ni a dole ga malama. Kika yi dariya har da hawaye, kika ce da Hausarki ta Yola: "Malama, ƙwarya ba allo ba ne. Ka bi jikinsa, shi zai nuna maka hanya." Wata huɗu ban taɓa lafiyayyar ƙwarya ba, sai sakaina, domin abin da wuta ta zana ba ya goguwa. Shekara talatin da biyar ina jan jar biro a littafin 'ya'yan mutane, sai ga ni ana shafa aikina da babban yatsa ana ba ni sifili. Na ji haushi, ba zan ɓoye ba. Amma ranar da na ƙone hannu, ke kika shafa mini zuma kina yi mini tsiya. Da Kirsimeti kika aiko mini da zabi biyu. Da azumi kuwa sai kin sa an dama mini fura, ke bakinki a bushe, kin ce mai jin yunwa hannunsa rawa yake yi.

Sannu a hankali hannuna ya faɗa. Kina faɗin zanen, ina ƙonawa, har muka ƙara gama takwas. Ni da ban taɓa zana ko kaza ta yi kama da kaza ba, na fara ganin zane a saƙar faifai da gefen zanen mata a coci.

Ta ƙarshe ita ce babba, wadda ake ɗorawa a saman jere. Bayan ƙaramar Sallah kina kwance ba lafiya, kika ce in yi ni kaɗai. A nan na yi karambani. Na zana irin adon da ke wuyan tukunyar mahaifiyata a garin Ganye, ban nemi izininki ba. Sai da wuƙa ta huce hankalina ya dawo: biki ya matso, babu wata ƙwarya mai girmanta a gidan, kuma na sa zanen ƙabilarmu ta Chamba a jeren 'yar Fulani. Na miƙa miki. Kika daɗe kina zagaya ta da yatsa, sannan kika tambaye ni zanen na wane ne, tun da ba na gidanku ba ne. Na ce na mahaifiyata ne.

"To, yau ka zama mai zane," kika ce. "Da can hannuna ka ara. A sa shi a sama."

Kwana goma sha ɗaya bayan nan kika tafi, alkawarinki a cike. Na gode, Gogo. Na gode da shekarar nan, wadda ban yi zaton tana jirana bayan na haura sittin ba.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Bappayo da 'yan'uwansa, da Zuhra, da dukan zuriya. Allah ya ba ku haƙuri. Allah ya jiƙan ki, Gogo, ya gafarta miki, ya haskaka kabarinki, ya sa Aljanna ce makomarki.

An ɗaga bikin zuwa bayan sadakar arba'in. Jiya Zuhra ta zo har gidana ta durƙusa, ta ce a gidansu wadda ta zana ƙwarya ita take jera ta a ɗakin amarya, kuma iyayenta mata sun ce ni zan tsaya a madadinki. Na ce mata zan zo.