Paparoman da kurciya ta zaɓa

Shekarar da aka kai ni koyarwa lakwal ɗin Dungas, wato makarantar boko, gida ɗaya muka sauka da wani malami ɗan Katolika, haifaffen Damagaram. Mai gidan wata tsohuwa ce da kowa ke kira Inna, ita kuma mu duka Mushe take ce mana, kamar yadda ake kiran malaman boko.

Wata safiya ta leƙa ɗakinsa neman tsintsiya, ta ga hoton wani dattijo mai gemu manne a bango.

"Mushe, kakanka ne wannan? Ashe a danginku akwai fari."

Ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce a'a, waliyyinsu ne, ɗaya daga cikin Paparomomin farko, sunansa aka sa masa. Wai manomi ne da ya shigo birnin Rum daga ƙauye, ya tarar an taru za a zaɓi shugaban Kiristoci. Ya raɓe a bayan mutane yana kallo, ba wanda ya damu da shi. Sai ga kurciya ta sauka a kansa. Nan take jama'a suka ce shi Allah ya nuna.

Inna ta riƙe haɓa. "Daga kallo? To gonar fa, wa ya yanke masa hatsi?"

"Inna, ba a rubuta wannan ba."

"Matarsa tana can tana jiransa da cefane, ko?"

Wannan ma ba a rubuta ba. Amma ya ce mutumin ya raba birnin unguwa-unguwa, ya sa masu kula da talakawa, daga baya wani sarki ya kama shi ya kashe saboda ya ƙi barin addininsa. Nan Inna ta sake duban hoton, ta ce, "Wayyo, bawan Allah. Da ya sani ya yi zamansa a ƙauye."

Ranar tunawa da waliyyin cikin sanyi take faɗowa, kuma abokin zaman nawa kan je coci a Damagaram. Shekarar nan ta faɗo tsakiyar mako, diraktan lakwal ya hana shi tafiya. Ya dawo gida kamar an jiƙa shi, ya rufe ƙofa, ya kunna kyandir, muna jiyo shi yana waƙar addu'a a hankali. Inna ta hana ni kunna rediyo.

"Bar shi ya gama. Zo ka yanka mini zakaran can."

Da ya fito ya tarar da tuwo da miyar kuka, cinyoyi biyu a sama. Inna ta ce ita da addininta shi da nasa, amma ba a bikin mai suna a gidanta da yunwa. Muna ci ta tambaye shi ko suna da wasu waliyyan. Ya ce kowace rana ta shekara da nata.

Ta tsame hannu daga kwano. "To sauran su yi haƙuri. Zakarana ɗaya ne."