Gadon Ƙarfen Inna da Motar Kakanmu

Ina ɗan firamare aka tura mahaifinmu aiki ofishin jakadanci a Alƙahira, muka kama gida a unguwar Dokki, a bene. Bayan mun zauna sai aka kawo kakarmu, Inna, don a duba mata gwiwa, kuma aka yi ta duba gwiwar nan har ta shekara uku tare da mu. Da sanyi ya shigo, bayan magariba, ni da ƙanwata Nana mukan kewaye hitar lantarki a ɗakinta. Inna ta miƙe ƙafa, ta ce wutar Masarawa ba hayaƙi ba toka, ko dankali ba ta gasawa, amma a haka za mu yi maneji. Daga nan sai tatsuniya.

Wata Asabar muka dawo daga Iskandariyya, bakin teku. Maimakon Baba ya wuce da mu gida, sai ya karkata unguwar Faisal, wurin wankin mota. Aka ɗaga motar sama, aka yi ta feshin ƙasanta da ruwa, Baba na tsaye yana nuna lungu-lungu. Da ta bushe aka fesa mata wani mai mai kauri. Mu kuwa yunwa kamar ta kashe mu. Da yamma na kai wa Inna ƙara, na ce Baba ya fi son ƙasan mota a kan 'ya'yansa.

Ta yi dariya har da tari. "Maigida, matso kusa. Ta yau babu kura babu zomo, da idona na gan ta."

Ta ce tana amarya kakanmu, wanda take kira Malam, ya ɗauke ta daga Katsina zuwa Ikko, inda yake tuƙa babbar mota, yana ɗauko kaya daga tashar jiragen ruwa zuwa Arewa. Da gadonta na ƙarfe ta tafi, wanda ta gada a wurin mahaifiyarta, bai taɓa ko dusashewa ba. Damina ɗaya a Ikko, sai ga ƙafafunsa sun yi ja, suna ɓarewa kamar ɓawon albasa. Maƙwabciyarta ta ce mata iskar teku ce, gishiri ne a cikinta. Inna ta kankare tsatsar da yashi, ta shafe ƙarfen da man gyaɗa, yadda ake yi wa wuƙa idan za a ajiye ta. Tsatsa ta tsaya.

"Sai na ce wa Malam, abin da ya biyo gadona har cikin ɗaki, ƙofa a rufe, me yake yi wa motar da ke kwana a bakin ruwa? Washegari ya shiga ƙarƙashin motar ya duba, ya dawo da baya duk ƙasa, ya ce, 'Ke, kin yi gaskiya.'"

Daga ranar, duk lokacin da ya fito daga tashar, sai ya wanke ƙasan motar da ruwan famfo, ya bari ta bushe, ya kwanta da gwangwanin baƙin mai da giris ya bi ƙarafan yana shafawa, musamman siraran bututun birki. Abokan aikinsa, masu kashe ƙarfinsu wajen zanen dawisu a jikin mota, suka sa masa suna Mai Kwalliyar Ciki. Ya amsa abinsa.

Shekaru suka wuce. Wata rana za su gida ganin dangi, Inna a gaban mota, Baba yana jariri a cinyarta. Motar abokin Malam, wani Ɗanjuma, tana gabansu, dukansu da lodi. A wata doguwar gangara kafin Jebba, sai suka ga motar Ɗanjuma ta fara gudu ba bisa ƙa'ida ba, tana tangal-tangal, ta daki gefen tudu ta kwanta a tsakiyar hanya. Bututun birkinta ne ya fashe, tsatsa ta cinye shi. Malam ya taka nasa birkin da duk ƙarfin da Allah ya ba shi.

A nan Inna ta dubi Nana da ta riƙe mata zane.

"Na rungume babanku na rufe ido ina salati. Da na buɗe, mun tsaya. Da zan miƙa hannu ta taga da na taɓa tayar Ɗanjuma. Shi ya karye a ƙafa, amma ya rayu. Da aka taru ana yi wa Malam barka, sai ya nuno ni a gaban maza, ya ce, 'Bayan Allah, ga wadda ta taka birkin nan.'"

Ta gyara ɗankwali, fuskarta na sheƙi, ta rufe da kalmar Larabci ɗaya tilo da ta yarda ta koya: "Khalas, shi ke nan. Ku je ku ci abinci."

Yanzu ina aiki a ƙasar da dusar ƙanƙara ke rufe titi, ana watsa gishiri don ta narke, gishirin kuma ya manne a ƙasan mota yana ci a ɓoye. Sai a nan na fahimci cewa ban fi ƙarfin labarin ba: da bututun motar kakanmu ne ya fashe a ranar, babu Baba, babu ni. Na kuma gane irin mutanen da na fito daga cikinsu: mace mai lura, da namijin da bai ji nauyin faɗin gaskiyarta a bainar jama'a ba.

Bara, kafin sanyi ya shigo, na kai tsohuwar motata a fesa mata maganin tsatsa. Makanikin ya haska fitila ya daɗe yana dubawa, ya ce bai cika ganin mota mai shekarunta da ƙasa lafiyayye haka ba. Ya tambayi wanda ya koya mini. Na ce kakata.

"Makaniki ce?"

Na ce a'a. Har Allah ya karɓi ranta ba ta taɓa riƙe sitiyari ba.