Kai Mama da Zintle Zaɓe a Riyad

Utaiƙa, 4:50 na asuba

Ina idar da sallar Asuba na tayar da bas ɗin kamfani. Aikina a Riyad jigilar nas-nas ne, daga masaukinsu zuwa asibiti. Ran nan kuwa mudir, wato manajanmu, ya ce in kai biyu daga cikinsu, 'yan Afirka ta Kudu, ofishin jakadancinsu su jefa ƙuri'a. Ni Bagusaye da shekara tara rabona da akwatin zaɓe, yau ni ne direban dimokuraɗiyya.

Shumaisi, 5:20

Kilomita shida. Na tarar da su a bakin ƙofa cikin abaya. Babbar, Sista Nosipho, ta haura hamsin, Mama muke ce mata. Ƙaramar, Zintle, sa'ar 'yarta ce. Ƙaramar hukumarsu ɗaya, duk Kosawa ne, masu yaren nan da in ana yinsa sai ka rantse goro ake fasawa a baki.

Na saya mana tamis da wake da shayin madara. Ba a kai ga rabin burodin ba rigima ta tashi, da Turanci don in yi alƙalanci.

"Buti," in ji Mama, haka take kirana, wato ɗan'uwa, "a ƙauyukanmu jam'iyya ɗaya muka sani. Ita ta fito da yayana daga kurkukun Turawa."

Zintle ta ce, "Ko jaki suka tsayar, Mama, tsofaffinku za su dangwala masa. Famfon gidanmu ya zama wurin shanya. Samarin cikin gari ranar zaɓe barcinsu suke sha."

Na ce, "Aƙalla ana ba ku taliya da sabulu?"

Suka ce riga kawai. Na ce to wallahi an cuce ku.

Shingen unguwar jakadu, 6:40

Mun bi ta Nasiriyya, kilomita goma sha ɗaya. Soja ya duba iƙamata, takardar izinin zama, ya leƙa baya, ya ce, "Yalla." Ina fakin na ji Mama tana zazzage jaka. Fasfo yana nan, amma ɗan koren littafin shaidarta babu, kuma sai da su biyun ake zaɓe. Ta bar shi cikin aljihun rigar aiki.

Matar da ke tsawata wa likitoci sai ga idonta ya kawo ruwa. Ta ce tun ranar da aka fara barin baƙar fata yin zaɓe take bin layi, ko da zazzaɓi.

Na raɗa wa Zintle, "Ke fa kin yi sa'a. Ƙuri'a ɗaya ta abokan hamayya ta faɗi."

Ta harare ni. "Juya motar nan, Malam Sani. A akwati nake son in kayar da ita."

Komawa Shumaisi, 7:05

Zuwa da dawowa ya ci awa biyu da kwata, don Riyad ta farka, kowa na tuƙi kamar an biyo shi. Ƙarfe biyu za su karɓi aiki, mudir kuwa ya kira sau uku. Na ce masa taya ce ta fashe. Allah Ya yafe mini.

Ofishin jakadanci, 9:30

Na jira a inuwar dabino. Zintle ta fito da wuri tana ɗaga babban yatsa mai tawada. Mama ta daɗe har na fara tunanin ko ita ma takara ta shiga. Da ta shigo mota Zintle ta ce, "To, jakin kika zaɓa?"

Mama ta gyara mayafi. "Hannuna ya je inda ya saba. Amma yau sai da ya yi rawa."

Na tayar da mota, muka kama hanya.

Utaiƙa, 1:15

Na sauke su 12:40, na iso ɗaki na tarar Ɗan Maraɗi, abokin zamana, ya dafa shinkafa. Ya tambayi wa ya ci zaɓen. Na ce ƙuri'a biyu na kai, ɗaya ta kashe ɗaya, man kamfani ne ya sha wuya.

Na gode wa Allah da Ya kai mu Ya dawo da mu lafiya. Na gode wa Mama da ta cusa mini biskit ɗin garinsu, mai taurin da sai an jiƙa a shayi. Ku kuma 'yan gida, in kun karɓi taliyar, ku bari hannun ya ɗan yi rawa.